Ɗamarar Lukuman

Rikoto, Zuru
Damina ta hamsin da uku tun shekarar da aka mai da motoci hannun dama

Zuwa ga ɗiyata Sa'adiya, matar ɗana, a barikin soja, Kaduna.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaishe da abokina Lukuman, in har yana tuna yana da kaka. Mu nan lafiya, ruwa ya zauna, dawa ta kai ƙugu. Gwiwata ta hagu ce kawai ke gardama da safe, ni ma ina yi mata. In kin samu Soja a waya can inda aka kai su, ki ce ubanshi yana mashi addu'a.

Boniface mai kayan babur, wanda ke rubuta mani wagga takarda a kan teburin shagonshi, ya ce in sa kwanan wata irin na kalanda. Na ce ya rubuta yadda na faɗa. A shekarar da direbobi suka yi ta mance hannunsu a hanyar Kontagora, a ita na ka da Dantani na Wasagu a gaban mutanen gari uku, kuma daga ita nake ƙirga komai. Tun daga rannan bayana bai taɓa ƙasa a gaban mutane ba. Ya kuma ce in kira ki a wayarshi mu huta da takarda. Ban yarda ba. Maganar waya ba a ninke ta a ajiye.

Hoton da kika aiko ta hannun Zakiyyu direba ya iso. Na kai shi bakin ƙofa inda haske yake, na duba da kyau. Na ga yaro ɗan shekara tara cikin farar riga irin ta ma'aikatan asibiti, ba takalmi, ya sunkuyar da kai har ƙasa a gaban wani ƙato mai gemu. Na tambayi Boniface ko limami ne. Ya ce a'a, malamin kokawar Japan ne, judo ake ce mata, kuma kin rubuta a bayan hoton sunanshi Masta Michael.

To ɗiyata, bara da kuka zo sallah, wanga yaro gaisuwar tsaye ya yi mani, hannu ɗaya cikin aljihu. Ashe ya iya sunkuyawa, ni ne dai ban kai ba.

Ban ce kin yi laifi ba. Amma kin ɗauki jikan gidan Manga, gidan da aka san shi da kokawa tun kafin a yi hanyar mota, kin kai shi Kaduna a koya mashi kama mutum. Tun da kin riga kin kai shi, ki amsa mani waɗanga, kuma kada ki tambayi Michael ɗin, ki je ki gani da idonki. Mi ya fara koya mashi, kayarwa ko faɗuwa? In kayarwa ce, ki ɗauke yaron rannan, mutumin bai san aikin ba. Mu wata uku muke yi muna faɗuwa a kan sabuwar huɗa kafin a bari mu taɓa ƙugun wani. Sannan a kan mi suke faɗuwa, siminti? Yana haɗa ƙarami da babba don ya ba mutane dariya? In yana koyarwa, ƙofa a buɗe take, ko korar iyaye yake yi? Ya san yaron yana da fuka, ko sai ranar da numfashinshi ya sarƙe zai sani? Kuma shi kanshi, wa ya koya mashi? Ni in kika tambaye ni zan faɗa maki mutum uku a jere, da gonakinsu da inda aka rufe su. In bai iya faɗin ko ɗaya ba, a talabijin ya gani.

Na sa maki dawa da daddawa a motar Zakiyyu. Ki ce ma abokina hoton nashi yana nan, na ninke gefen da ƙaton yake.

Surukinki,
Muhammad Sani Rikoto

*

Kaduna, 28 ga Yuli

Baba,

Wa alaikumus salam. Mun samu takardarku da saƙo, Allah ya ƙara girma, ya ba da lafiyar gwiwa. Baban Lukuman ya kira ranar Juma'a, yana lafiya, ya ce a gaishe ku. Lukuman ya ce shi ma ya ninke ku a hoton sallah, kun yi canjaras.

Baba, ban kai shi don raina gida ba. Tun da aka tafi da babansa ya daina fita, yaran layinmu suna ture shi ya dawo yana kuka a bayan ƙofa. Wata maƙwabciyata ce ta nuna mini wurin. Kuma ban miƙa shi haka kawai ba, sai da na zauna a benci Asabar biyu ina kallo kafin na yarda.

Ga amsoshinku. Faɗuwa ya fara koya musu. Sati bakwai ke nan Lukuman bai kama kowa ba, faɗuwa kawai, ta baya da ta gefe, yana manna haɓa a ƙirji don kada ƙeya ta bugu. Har ya gaji ya ce mini shi an kawo shi makarantar kwanciya. Ƙasan wurin shimfiɗa ce mai kauri, na taka da ƙafata na ji. Yara ana jera su ne bisa tsawo da nauyi. Ƙofa a buɗe take, akwai bencin iyaye, kuma Masta ba ya zama da yaro shi kaɗai ko da iyayen sun makara, sai ya fito da shi waje su jira tare. Maganar fuka, shi ya fara tambayata tun ranar farko ko yaron yana da wani ciwo. Abin shaƙarsa yana kan taga duk lokacin da suke yi, in ya ga yana haki sai ya zaunar da shi ya sha ruwa. Yana duba faratansu ɗaya bayan ɗaya kafin su hau shimfiɗa. Wanda ya gwada abin da aka koya masa a kan ƙaninsa a gida, sati biyu zai yi a benci.

Na saɓa muku a abu ɗaya, na tambaye shi malaminsa, don wannan ba a gani da ido. Ya faɗi mutum biyu, ya nuna mini takardar shaidarsa a bango. Da na ce masa kakan yaron ɗan kokawar Zuru ne, sai ya miƙe tsaye, ya ce mutanen Zuru ba a koya musu jarumta, ya ce in gaishe ku da kyau.

Lukuman ya canza, Baba. Yana cin abinci, yana fita. Komai Masta ya ce, Masta ya ce, har na gaji da ji. Asabar ta ƙarshen watan gobe za a yi musu gwaji, in ya ci, Masta zai ɗaura masa ɗamara ruwan ɗorawa a gaban iyaye. Ku sa shi a addu'a.

'Yarku,
Sa'adiya

*

Rikoto, sati ɗaya bayan takardarki

Ɗiyata Sa'adiya,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya. Ban tsaya dogon bayani ba, don na sa Boniface ya karanta mani layinki na ƙarshe sau uku, ko shi ne ya yi kuskure. Bai yi ba.

Mutumin ya ci tambayoyina duka, na ji. Ban ji daɗi ba, kuma ba zan yi maki ƙarya in ce na ji ba. Gaisuwarshi ki riƙe mashi. Amma maganar ɗamara, ki zauna ki saurara, don na ga mijinki bai faɗa maki komai ba.

A gidanmu akwai ɗamara guda, ta fatar sa, faɗinta yatsa huɗu. Ba laya a cikinta, na warware su da hannuna tun shekarar da na daina shan burkutu, kada ki ji tsoro. Manga ya ɗaura ma Dudu. Dudu ya ɗaura ma Noma, wan ubana. Noma ya ɗaura mani ina ɗan shekara goma. Wanda ya fara ɗaura ma yaro ɗamara a ƙugu, shi ne ubanshi na fage har abada. In yaron ya shiga fage, sunan wanda ya ɗaura mashi ake fara kira kafin nashi. In ya yanka dabba, shi yake kai ma ƙafar gaba. In tsohon ya mutu, yaron ne ke fara sara ƙasar kabarinshi. Ni na fara saran kabarin Noma, 'ya'yanshi huɗu suna tsaye suna jira. Kuma sau ɗaya ake yi. Ƙugu ɗaya ba ya da uba biyu.

Wagga ɗamara tana cikin tukunya a ɗakina, ina shafa mata man kaɗe duk shekara in an gama girbi. Tun ranar da aka aiko mani an haifi Lukuman na san ƙugun da take jira. Yanzu ki ce mani wani Michael, wanda bai san hanyar Rikoto ba, bai san ko Manga mutum ne ko gari ba, shi zai durƙusa ya zagaya ma jikana ƙugu. To in na mutu, sai a aika Kaduna a tambaye shi izini kafin a haƙa mani rami? Ko kuwa jikana zai tafi saran kabarin Michael a coci, ni a bar ni da 'yan haya?

Boniface ya ajiye biro ya ce ba haka abin yake ba, wai ɗamarar tasu kamar ajin makaranta ce, ana sakewa, har a kasuwa ana sai da ita. Na ce mashi shi ya san fulogi da sarƙar babur, ya tsaya nan. Ban taɓa jin inda namiji ya ɗaura ma yaro ɗamara a gaban shaidu ya ce wasa yake ba.

Ga maganata. Ya koya mashi faɗuwa, na yafe. Ya koya mashi kamu, na haɗiye. Amma kada hannunshi ya kai ƙugun yaron nan. Ranar gwajin ki ce ba ya jin daɗi, ko ki ce kakanshi ya hana, ki faɗi sunana. In an yi hutu ki kawo mani shi.

Na hana Boniface kiranki, don wagga magana ba ta bakin shago ba ce. Zan ba Zakiyyu takardar hannu da hannu.

Muhammad Sani

*

Kaduna, 30 ga Agusta

Baba,

Assalamu alaikum, da fatan kuna lafiya, ya gona? Mun ji ku shiru, na ce ko aikin noma ne ya riƙe ku. Yanzu muka dawo, ban ko cire mayafi ba na ɗauki biro.

Lukuman ya ci. Su goma sha ɗaya aka gwada. Da aka zo kansa ya yi faɗuwarsa duka ba kuskure, sai Masta ya ce ya zo ya kama shi. Baba, da kun ga wannan ƙaton mutum, Lukuman ya shiga ƙarƙashinsa ya juya ƙugu, sai ga Masta a ƙasa, rigingine, shimfiɗa ta yi ƙara. Na san shi ya ba da jikinsa, haka yake yi wa kowane yaro, a rana sai ya faɗi sau ashirin. Amma yaron bai san haka ba. Ya tsaya yana kallon hannuwansa. Masta yana kwance yana dariya, sannan ya tashi ya durƙusa ya ɗaura masa ɗamarar. Iyaye suka yi tafi. A hanya ya ce mini, Mama, ki rubuta wa Kaka, ki ce na ka da babba.

2 ga Satumba

Baba, ban samu mota ba sai yau, kuma da na je tasha Zakiyyu ya miƙo mini takardarku. Ya ce injinsa ya buga a Kontagora, motar ta yi sati uku a gareji, takardar tana cikin aljihun gaban mota, ya manta. Na karanta a tsaye a tasha. Wallahi da ta iso a kan lokaci da ban kai shi ba. Ban san da wannan al'ada ba, ba wanda ya taɓa faɗa mini. Na so in yaga shafin farko, sai na ga gara ku ji yadda aka yi daga bakina. Ku yi haƙuri, ku yafe mini.

Sa'adiya

*

Rikoto

Sa'adiya,

Sallama. Lafiya lau.

Na ji. Ba ki da laifi, Zakiyyu ma na daina yi mashi magana ne kawai. Allah ya sanya albarka. Ki ce ma yaron ya riƙe ubanshi na fage da kyau, in kun yi layya ƙafar gaba ta Michael ce, kada ku hana shi haƙƙinshi.

Tukunyar na rufe ta na ɗora dutse. Bana ba sai na nemi man kaɗe ba.

Kada ki wahalar da kanki da kawo shi hutu, hanya ba kyau. Boniface yana da ciniki, ba zan riƙa tsare mashi teburi ba.

Muhammad Sani

*

Kaduna, 16 ga Nuwamba

Baba,

Assalamu alaikum. Wannan ita ce ta uku da na rubuto ba amsa. Na kira Boniface, ya ce kuna lafiya, kuna zuwa gona, amma in ya ɗauko takardata sai ku ce ya ajiye. Na roƙe shi wannan karon ya karanta da ƙarfi ko kun juya baya.

Lukuman ya tsinci takardarku a cikin jakata ya karanta, ya iya karatu yanzu. Sati shida ke nan bai je judo ba. Ɗamarar ya cusa ta ƙarƙashin katifa. Ya ce shi ba zai haƙa kabarin Masta ba, na Kaka zai haƙa. Na ce masa ba wanda zai mutu, ya ce to me ya sa Kaka ya daina magana. Ya koma zama bayan ƙofa. Masta Michael ya zo har gida, na faɗa masa komai. Bai yi dariya ba. Ya ce shi malami ne kawai, yara ɗari sun wuce ta hannunsa, ba ya neman ƙafar ragon kowa, kuma in da ya sani da ya miƙa mini ɗamarar in ɗaura da kaina.

Yanzu zan faɗi abin da ba a bakin suruka ya kamata ya fito ba, ku gafarce ni. Na samu Baban Lukuman a waya na tambaye shi, in ɗamarar nan daga hannu zuwa hannu take tafiya, me ya sa ta tsallake shi? Sai ya ce akwai abin da ba ku rubuto mini ba. Ya ce kafin a ɗaura wa yaro, sai babban ya shiga fage da shi a gaban mutane, ya bari yaron ya ka da shi, bayansa ya taɓa ƙasa. Ya ce tun yana ɗan shekara goma yake jira. Duk shekara in an gama girbi sai ku ce bai nuna ba tukuna, sai baɗi. Ya ka da duk sa'anninsa a Rikoto, kuka ce sai baɗi. Yana da sha tara ya gane baɗin ba za ta zo ba, ya bi motar masu shiga soja. Ya ce in faɗa wa Lukuman kada ya sa rai, gara ya riƙe ta ruwan ɗorawar, ita an ba shi.

Ban faɗa masa ba tukuna. Baba, ku ne za ku ce mini in faɗa ko kada in faɗa.

'Yarku,
Sa'adiya

*

Rikoto, Zuru
An fara yankan dawa, shekara ta hamsin da uku

Ɗiyata Sa'adiya,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki, ina gaishe da abokina. Jiki lafiya. Dawa ta yi kyau bana, ta gonar tudu ta fi ta fadama.

Boniface ya karanta da ƙarfi kamar yadda kika sa shi, har mai faci na gefe ya daina bugun taya. Na tashi na tafi gida ban yi mashi sallama ba. Kwana huɗu ke nan. Yau na dawo na ce ya ɗauko biro, kuma duk abin da na faɗa ya rubuta, ko ya ga bai dace da ni ba.

Soja bai yi ƙarya ba. Na bar wannan gefen, kuma da gangan na bar shi.

Ranar da Noma ya ɗaura mani, kasuwa ce ta watse aka taru a fagen bayan gidanmu. Noma mutum ne da in ya tsaya a ƙofa sai ɗaki ya yi duhu. Na kama shi a cinya don nan hannuna ya kai, na yi ɗan turin da yaro zai iya, sai na ji dutse ya tafi. Ya faɗi rigingine. Mata suka yi guɗa, yara suka yi ta tsalle, wani tsoho ya ce yau an ga cikin tafin ƙafar Noma. Shi ko yana kwance yana dariya, ƙasa a gemunshi. Ni ban ga abin dariya ba. Na ji kunya ta kama ni a madadinshi, na ce a raina ni ba za a taɓa ganin tafin ƙafata haka ba. Da na ka da Dantani, mawaƙa suka sa a cikin kirarina cewa ba a ganin tafin ƙafata, sai na ɗauke shi na goya shekara hamsin da uku. Soja, yaron nan nawa, ya riƙa zuwa yana tsayawa a bakin ɗakina duk girbi, ya shafa mai a jiki, ya ɗaure wando. Ni na san ya nuna tun yana sha biyu. Ina ganin ƙugunshi na sani. Sai in duba mutanen da za su taru, in ce baɗi.

Da kika rubuto Michael ya faɗi yana dariya, ba ɗamarar ce ta fi ci mani rai ba. Faɗuwar ce. A wurina ya kwanta. Kuma wai sau ashirin a rana, kamar buhun da aka jingina ba daidai ba. Mutum ya riƙa zubar da abin da na kasa bayarwa sau ɗaya.

Yanzu ga abin da na sa Boniface ya yi, kuma shi ne karo na farko da wayarshi ta yi mani amfani. Na ce ya buɗe hoton gwajin da kika tura mashi, ya ƙara girmanshi, ya duba mani: a kan riga aka ɗaura, ko a kan fata? Ya ce a kan riga, riga ma mai kauri kamar bargo. Na ce ya sake dubawa. Ya ce a kan riga. To tamu a kan fata take zama, ba a sa komai tsakani. Manga a fata ya ɗaura, Dudu a fata, Noma a fata. Abin da Michael ya yi, rigar ya ɗaure don kada ta buɗe. In rigar ta mutu sai ya je ya yi mata sutura. Ƙugun yaron ba wanda ya taɓa shi.

Boniface ya ce wannan hukunci yau na ƙirƙiro shi. Na ce ya kawo mani mutum ɗaya mai rai da ya fi ni sanin yadda ake yi. Babu ko ɗaya, don duk na rufe su.

Kada ki faɗa ma yaron maganar ubanshi. Ki ce ya zaro wannan ƙyallen daga ƙarƙashin katifa ya koma makarantarshi, gidanmu ba a fara abu a bari. Shi kuma Soja ki ce mashi ban san yadda ake faɗin abin da ya kamata in faɗa mashi ba. In Allah ya dawo da shi, ya zo Rikoto ya shafa mai, ko da furfura. Ɗamarar ba za ta kasance a hannuna ba lokacin, amma bayana yana nan.

Na sauke dutsen, na samo man kaɗe wajen Saloma maƙwabciyata, fatar ta yi laushi. Na huda mata sabon rami don ƙugun yaron bai kai na farko ba.

Wagga takarda za ta riga ni da kwana ɗaya, na ba wani direba, ba Zakiyyu ba. Ki tara mutane ranar Asabar, ko matan layinku ne, don ba a yi ba shaidu. Ki gayyato Michael, ya zo ya ga yadda ake yi. Ki ce ya kawo shimfiɗar nan tashi mai kauri, aro nake so, don Noma da ya faɗi shekararshi arba'in, ni kuwa kin san labarin gwiwata. Amma ki ja mashi kunne: ya tsaya a bencin iyaye. In na faɗi kada ya miƙo hannu. Wanda ya ka da ni shi zai tashe ni.

Ki ce ma abokina ya yanke farce, ya ci tuwo da yawa, kuma kada ya yi tsammanin zan tafi da sauƙi irin na malaminshi. Sai ya yi gumi.

Gobe in na yi asuba zan ɗaura ta a ƙuguna ƙarƙashin riga, ɗaurin ƙarshe, in taka zuwa tasha in shiga motar farko. Na ce a ajiye mani gidan gaba.

Surukinki,
Muhammad Sani Rikoto